Makulli a Tulun Ƙarnit

Shadliya 'yar masunta ce a tsibirin Ƙarƙana, amma duk zuriyarsu ita kaɗai teku ke sa wa amai. Da aka ga ba za ta moru a kwalekwale ba, sai aka tura ta birnin Safakus karatun kwamfuta. Ta dawo da tabarau da ciwon wuya, mutanen gari suka ce to, ko banza an samu mai gyaran waya.

Da kamun ƙarnit garin yake ci, dabbar tekun nan mai hannu takwas. Tuluna ake jerawa a igiya a sauke ƙasan ruwa, shi kuwa sarkin son ɗaki ya shige ya zauna, ya yi ta jawo tarkace yana tarawa. In an ja tulu sai a cire mai ɗakin, a juye tarkacen a ruwa ba tare da an duba ba. Haka aka gada.

Sai masu saye daga ƙetare suka ce ba za su ƙara karɓa ba sai da shaidar ba a kama ƙanana, ba a kuma ɓata teku. Ƙungiyar masunta ta ɗauki Shadliya ta tsara manhajar waya don masu binciken da masu sayen ke turowa su huta da yawo: ka ja tulu, ka ɗauki hoto, hoton ya hau taswira daidai inda kake. Ta gina ta yadda ba mai iya goge hoto, har ita kanta, don haka masu binciken suka nema. Suka kuma ce a ƙara gurbin shara, duk abin da aka tarar cikin tulu a ɗauka.

Baffa Balgasim, abokin marigayi babanta, ya juya wayar a hannunsa kamar ruɓaɓɓen kifi.

"'Yar nan, mai ɗaki muke ɗauka. Wa ya ce miki ana leƙa kayan ɗakinsa?"

"Haba Baffa, robobi suke son gani, ba aljanu ba."

"Ji ta! Ke da ruwa bai taɓa wuce miki gwiwa ba. To zan ɗauka, amma ke za ki kalla. Ni kawar da ido zan yi."

Haka kuwa suka yi dukansu. Hotuna suka fara shigowa a karkace, don masu ɗauka ba sa kallo. Da fari murafen kwalba ne da gutsuren raga. Daga baya maɓallan riga, gilashin tabarau, ɗan kunnen jaririya. Kowa a tsibirin ya san ta wannan ruwa jiragen masu gudu zuwa Italiya ke bi, ya kuma san ba duka ke isa ba. Shadliya ta koyi cin abincin rana kafin ta buɗe taswira, don bayan ta buɗe ba ya ciwuwa.

Ƙaninta Lasa'ad ma ta nan ya bi, shekarun baya. Ranar tafiyarsa ya zare makullin ƙofar gida, wanda ya shafa wa koren fentin jirgi a kai, ya ce da uwarsu cikin dariya, "Ummi, da shi zan tafi, kar ku kulle ni waje." Tun ranar ba a kulle gidan ba. Ko iskar hunturu na kaɗawa, dutse Ummi ke tokare ƙofar da shi. Ta ce rashin takardu ne ya hana shi kira.

Wata hantsi hoto ya shigo daga can nesa, bakin ruwa mai zurfi. A gindin tulu, tsakanin ɓawon kaguwa, ga makulli mai koren kai. Shadliya ta faɗaɗa hoton har ya dushe. Ta ce wa ranta koren fenti ai kowane gida akwai shi. Mai tulun ya riga ya juye shi a ruwa.

Bayan 'yan makonni makullin ya sake fitowa a tulun wani mutum daban, kusa da tudu fiye da da. Sannan a tulun wani kuma. Ta jera ɗigon a taswira, ta ga sun yi layi, layin kuma bai nufi tashar jirage ba, bai nufi kasuwa ba. Gaɓar bayan gidansu ya dosa. Tsoro ya kama ta irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ta nemi hanyar goge hotunan, ta tuna ita ce ta toshe hanyar da hannunta.

Ta je ta nuna wa Baffa Balgasim. Wannan karon ya duba, ya daɗe yana dubawa.

"Ƙarnit na sauya ɗaki, Baffa, ko? Yana tafiya da kayansa?"

"Ban taɓa ji ba." Ya miƙa mata wayar. "Tulunan da ke bayan gidanku nawa ne. In ya iso ba zan juye ba, ba kuma zan taɓa ba. Ke za ki shigo."

Makullin ya iso ranar wata Laraba, da rana tsaka, ruwa ya janye. Ta kutsa har ƙirji, ba ta ji amai ba. Tulun babu ƙarnit a ciki, babu ɓawo, babu yashi. Makullin kaɗai ne, ko tsatsa bai yi ba.

Ummi na tsakar gida tana murza kuskus. Ta dubi jiƙaƙƙiyar rigar 'yarta, ta dubi makullin da ke hannunta. Ta goge hannu a zane, ta karɓa, ta ture dutsen da ƙafa. Makullin ya juya ba gardama.

"Ya shigo," in ji Ummi. "Sai a kulle."