An zo yi mini ta'aziyyar kaina

Jiya ina zaune a zaure, nan Gidan Dahala, sai ga wata tsohuwa da ƙwaryar gero. Tana ganina ta ja da baya tana salati.

Ashe kakar Nasiru ce, yaron da ke neman ɗiyata Asma'u, wanda danginsa suka daɗe suna jan ƙafa wurin sa rana.

Shekara ashirin ina fim da wasan talabijin, matsayina ɗaya: tsohon da ke mutuwa kafin labari ya yi nisa. Daga aji biyu na bar makaranta, don haka ba a ba ni dogon zance. Tari biyu, kalmar shahada, sai a rufa mini zane.

Ta ce, "Malam, ba kai nig ga an ɗauka cikin makara ba? Ta'aziyya niz zo, in ce a ɗaga zancen armen."

Na ce, "Inna, wancan aiki ne. Ana kashe kyamara nake tashi in ci abinci."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To a sa rana kusa. Kai wanga ba ka da tabbas."

An sa wata biyu. Asma'u har da guɗa.

Jama'a, fushi ya kamata in yi ko godiya?