Turken Siminti a Lambun Kawu

Launi ne ya fara jan idona. Na ɗago guga daga rijiyar lambun kawuna, a wani ƙauye bayan Tsafe, sai ga shuɗi da ja da ruwan zinare suna yawo a saman ruwan. A lokacin kaina cike yake da littattafan soyayya da nake haya a kasuwa, don haka na tsaya ina tunanin yadda zan siffanta wa wadda nake so wannan kyau. Kawu ya leƙa gugan, ya shinshina, ya zubar.

"Mai ne, sakarai. Bututun ga ya tsage."

Bututun man da ke zuwa Gusau ta ƙarƙashin gonakinsu ya bi, da turakun siminti jefi-jefi masu nuna hanyarsa. Da rijiyar nan Kawu yake ban-ruwan albasarsa, kuma ba shi da wata sana'a.

Ni na rubuta takardar koke, shafi uku, har da kukan zuciya da dare mai tsawo. A wani ofishi a Gusau ma'aikacin ya karanta rabi ya dube ni.

"Malam, koke ka kawo ko aurenmu kake nema?" Ya juya ga Kawu. "Baba, wuta ta tashi?"

"A'a, ranka ya daɗe."

"To bututu na tarayya ne. Mu sai abu ya faru muke zuwa."

Sau biyar muna hawa mota. Wannan ofishi ya tura mu wancan, wancan ya ce mai sa hannu ya tafi taro. Ganyen albasa kuwa ya soma rawaya tun daga kunyar da ke kusa da rijiya.

Bayan wata huɗu masu duba bututu suka zo, su uku, ba taswira, ba na'ura. Suka nemi turken siminti, suka sa aka haƙa gindinsa har ƙugu. Ƙasa busasshiya, ko wari babu.

Abin da kowa a wurin ya sani ban da su shi ne, turken ba a mazauninsa yake ba. Shekarun baya Kawu ya yi rikicin iyaka da maƙwabcinsa, mai gari ya zo sasantawa, ya rasa dutsen kirki, ya sa aka tumɓuke turken aka kafa a sabuwar iyaka, taku talatin daga bututun. Ga mai garin nan tsaye cikin babbar riga. Kawu ya buɗe baki, ya dube shi, ya rufe. Ni da na cika shafi uku, ko tari ban yi ba.

"Ku duba ruwan rijiya mana," in ji Kawu daga ƙarshe.

"Ruwa ba huruminmu ba ne, Baba."

Suka rubuta cewa bututu lafiya lau, suka shiga mota. Har yau abin yana ci min rai: namu laifin na sani, amma yaya hukuma za ta zo neman bututunta tana tambayar siminti?

Lambun bai sake yin albasa ba. Kawu ya koma Bungudu wurin surukinsa. Bara na same shi a kasuwa, ya tsufa ƙwarai, yana zaune bayan tulin albasar wani yana sayarwa. Ya ɗaga guda ya nuna min.

"Dubi abin da suka kira albasa," ya ce, ya mayar da ita ƙasan tuli.