Ƙwallon da Ya Bi Lambatun Setapak

Asabar ɗin ƙarshe kafin azumi, shekarar da na cika sha ɗaya, na tsaya a bakin babban lambatun da ke bayan benenmu a unguwar Setapak ina kallon ruwan sama yana tafiya da wani jan ƙwallo. Danial, jagoran yaran benen da ke fuskantar namu, shi ya wurga shi ciki, ya koma yana karkaɗe hannu kamar wanda ya taɓa najasa. Ban yi kuka ba.

Lokacin muna zaune a ƙasar waje, Baba yana digirinsa na uku. Aikina a gida bai wuce kwashe shanya daga baranda kafin ruwan la'asar ya sauko ba, sai sayo gurasar roti a wurin mamak, mai shagon abinci, idan Umma ta gaji. Yaran Hausawan benen, har da yayana Nura, ƙwallon ƙafa suke yi, kuma ba sa zaɓa ta, don haka a matakala nake yini da littafi. A nan Bilal ya same ni. Ɗan wani malamin jami'a ne daga Pakistan, saurayi mai ƙarfin kafaɗa, shi ke jifa idan suna kurket, wasan da ake jefa ƙwallo wani ya buge shi da sanda, a filin siminti na bayan gida. Ya ga yadda na naɗe bangon littafina da leda ba ko lanƙwasa, sai ya ce ni zan riƙa kula masa da ƙwallo.

Tsohon ƙwallon fata ne, ɗinki ya raba shi biyu. Gefe ɗaya ake shafa wa miyau a goge a cinyar wando har ya yi sheƙi, ɗayan kuma a bar shi ya bushe ya yi kaushi, ko gumin tafin hannu kada ya taɓa shi. Bilal ya ce sabon ƙwallo yakan kauce wa gefensa mai sheƙi a iska, amma idan ya tsufa aka kuma jefa shi da ƙarfi, sai ya juya ya bi gefen sheƙin, mai bugu ya kai sanda inda babu komai. Ya ce a busassun filayen ƙasarsu aka gano haka, inda fatar ƙwallo ke saurin cinyewa, manya suna raɗa wa ƙanana. "Da muna yi, Turawa suka ce maguɗi ne," in ji shi. "Da suka iya, suka ce fasaha ce." Na riƙe maganar nan kamar karatun allo. Duk wandunan makarantata sai da suka yi jan tabo a cinyar dama, Umma tana wanki tana faɗa, Yaya Nura kuma ya raɗa mini suna Mai Lasar Ƙwallo.

Umma ta saba mana da yin bisimilla kafin mu taɓa komai, ni kuwa ban iya yin abu rabi da rabi ba. Ranar wasanmu da su Danial, duk sanda aka miƙo mini ƙwallon sai na sunkuyar da kai, leɓena ya motsa, na tofa kaɗan a yatsa na shafa. Da fata ta gama laushi, Bilal ya sako wani jifa da ya taho kamar zai wuce, ya lanƙwaso ya tumɓuke ta tsakiya cikin sanduna ukun da aka kafa a bayan Danial, wanda shi ke bugu. Danial bai ko kalli Bilal ba, kaina ya yo. "Bomoh," ya ce, wato boka. "Na gan shi fa, yana karanta wani abu yana tofawa. Haka suke yi a Afirka." Yaran suka kewaye ni, wani yana shinshina ƙwallon, wani yana kwaikwayon motsin bakina. Yaya Nura yana kan katanga, dariya har da riƙe ciki.

Na juya wurin Bilal. Jimla biyu kawai nake jira kan dalilin shafa wa ƙwallon miyau, waɗanda ya sha faɗa mini a matakala. Sai ya ɗaga kafaɗa ya ce, "Ni jifa kawai nake yi. Ban san me yake faɗa wa ƙwallon ba." Daga baya na gane sirrin jifansa yake karewa, ni ne kuma abin da ya fi sauƙin bayarwa. Danial ya fizge ƙwallon, hadari ya ɓarke, lambatu ya tafi da shi.

Ban sake sauka filin ba. Bayan salla, daga baranda, na hango Danial yana goga sabon ƙwallo a cinyarsa, gefe ɗaya tak, Bilal yana gyara masa riƙo. Ba wanda ya kira shi boka.

Yanzu ni ma karatu nake a garin nan, filin ya zama wurin ajiye motoci, kuma an ce tun bayan annoba an hana shafa miyau a manyan wasanni. Bilal ya taɓa aiko mini da gaisuwa ta bakin Yaya Nura, ban amsa ba. Sai dai idan ina tsaye a cikin jirgin ƙasa na LRT nakan tsinci hannuna yana goga cinyar wandona, a hankali, gefe ɗaya. Ƙwallon nake kewa, ba su ba.