Malamin Jarka

Lokacin da aka tura ni wani ƙaramin ofishin aikin gona a wajen Kabo, na ɗauka a gonaki zan riƙa yini. Ashe kujera aka kawo ni in ɗumama. Kullum in taso daga Gwarzo a kan babur, in gaida shugabanmu, wani dattijo mai son shayi da hirar siyasa, in nemi wuri in zauna. Da an yi azahar sai kowa ya kama gabansa. Duk sanda na ce ina so in leƙa ƙauyuka, amsarsa ɗaya ce: "Babu mai a mota, Malam. Zauna ka huta." Motar kuwa tayoyinta sun daɗe da nutsewa a ƙasa, har kaji na yin ƙwai a ƙarƙashinta.

Abin ya ishe ni har wuya. Na taɓa cewa matata gara in koma sayar da taki a kasuwa, ta ce in dai bari a ga ƙarshen damina.

Wata rana bayan kaka wani tsohon manomi ya shigo da wake a ƙulle cikin hularsa. Ya zazzage mana a kan tebur, duk ƙwari sun huda shi, rabi ya zama gari.

"Alhaji, me zan yi? Maganin da na zuba bara sai da ya kwantar min da jikoki."

Shugaba ya ce ya dawo mako mai zuwa, ya ci gaba da firfita shayinsa. Ni kuwa na kasa daurewa, na bi tsohon waje. Na ce masa ya shanya waken ya bushe ƙayau, ya cika jarka mai tsabta har baki, ya toshe ta yadda iska ba za ta shiga ba, ƙwarin za su mutu da kansu.

"Malam, magana na ji," in ji shi. "Zo ka yi a gabana."

Na bi shi gida, muka cika jarkokinsa muka toshe. Daga nan na fara ɗaure jarka a bayan babur ina bin kasuwanni, yau Getso, gobe Kara. Ban san takaici ba sai da na fara. Ranar farko na shimfiɗa tabarma ina bayani, mutane suka taru, na ji daɗi. Ina gamawa wata tsohuwa ta matso ta ce in auna mata na ciwon baya. Wani kuma ya bi duk abin da na faɗa, amma kowace Juma'a sai ya buɗe jarkar ya leƙa ya ga ko ƙwarin sun mutu. Da waken ya lalace, har gida ya biyo ni yana faɗa.

"Baba, ai na ce kada a buɗe!"

"To ta yaya zan san sun mutu in ban duba ba?"

A ofis ma ban tsira ba. Shugaba ya ce kujerata kullum ba kowa, in baƙi suka zo me zai ce musu? Abokan aiki suka laƙaba min Malamin Jarka, suna tambayata ko na fara sayar da kalanzir ne.

Da bazara ta yi, tsohon nan da ya kawo mana wake ofis ya buɗe jarkokinsa a gaban maƙwabta, wake fes kamar ranar da aka casa shi. Labari ya bazu, mutane suka fara zuwa ofis suna nemana. Ana cikin haka wasu manya suka zo daga Kano duba aiki. Ranar shugaba ya sha babbar riga, ya jera jarkokina a ƙofar ofis, ya ce wannan dabara ce da ya daɗe yana nazari a kanta. Ni aka sa na ɗaga jarka a ɗauki hoto. Da hoton ya fito, hannayena kawai aka gani.

Na yi fushi har na ce na daina. Washegari da safe sai ga mata daga wani ƙauye sun yi sallama a ƙofar gidana, kowacce da jarkarta a ka. Haka na sake tayar da babur ina mita.

Yanzu shugaba ya yarda in fita, da sharaɗin in dawo kafin azahar a gan ni a zaune. Man babur har yau daga aljihuna yake fita. Manoma kuma ba su da wata godiya sai wake, kowa ya zo sai ya kawo ɗan kwano. Mun ci ɗanwake, mun ci alale, mun ci ƙosai, mun ci garau-garau. Jiya 'yata ƙarama ta buɗe kwanon rana, ta rufe, ta dube ni ta ce, "Baba, don Allah ka koma koya musu ajiyar shinkafa."