Ranar da Ni da Ogana Muka Riƙe Zani a Bakin Ƙofa

Shekarun baya, lokacin da titunan Gombe suka cika da buhunan yashi, ina ƙaramin ma'aikaci a wani ofishi da aka ɗora wa nauyin mayar da ayyukan gwamnati kan kwamfuta da waya. Waɗanda suka zauna a garin a lokacin sun san yadda muka rayu. In ka hau acaɓa, kafin shingen sojoji sai ka sauka, kai da mai babur ku taka da ƙafa kamar masu raka amarya. Masallaci ba a shiga da jaka, coci ma haka. In tayar mota ta fashe a kasuwa, kafin a gane taya ce rabin 'yan tumatir sun kai gida. Duk da wannan tsoro, in na tuna shekarun nan kewa ce take fara zuwa mini, saboda mutanen da na yi aiki da su.

Mu uku aka ba aikin shirya horo ga jami'an ma'aikatu da na ƙananan hukumomi, kan yadda za a yi mata su amfana da waɗannan sababbin ayyuka daidai da maza. Akwai ogana, mutum mai sanyin hali da son babbar riga mai sitaci, wanda ko biro ba ya ɗauka da kansa in akwai na ƙasa da shi a kusa. Akwai ni, sabon jini, ina ji da kaina sosai domin na iya haɗa majigi da kwamfuta ba tare da na kira kowa ba. Sai kuma wadda duk ofis muke kira Anti, wata dattijuwa 'yar Tangale da ke zaune a Herwagana, shugabar masu waƙa a ƙungiyar matan cocinsu. Ita ce asalin mai wannan horo. Shekara da shekaru tana damun manya da maganarsa, ana ce mata za a duba.

Sau biyu ana sa rana ana ɗagawa. Na farko bam ne ya tashi a wata tashar mota, gari ya rufe. Na biyu masu ɗakin taron ne suka ce ba su yarda a tara musu mutane ba. Da aka sa rana ta uku, sai aka gaya mana daga sama cewa in wannan ma ta wuce, a bar maganar sai ƙasa ta zauna. Anti kuwa ritayarta ta ƙarato, a ƙarshen wannan watan za ta ajiye aiki. Ba ta ɓoye mana abin da ke ranta ba.

"Ɗana," ta ce da ni, "in ban tsaya gaban daraktocin nan na faɗa musu abin da ke cikina ba, zan tafi gida da shi ya zame mini hawan jini."

Ta daɗe tana shirya jawabinta. Shafuka ne masu yawa a majigi, kullum sai ta ƙara wani, kullum sai ta zaunar da ni ta karanta mini kamar ni ne daraktan. Na kai matsayin da ina kan keke zuwa gida Federal Low-Cost sai in ji bakina yana maimaita kalamanta shi kaɗai.

Muka samu ɗakin taro a GRA. Muka zauna mu ukun muka tsara komai: janareta, shayi, kujeru, da wani ƙaton ƙyalle mai rubutun daidaito tsakanin maza da mata. Maganar tsaro ce ta fi cin lokacinmu. Muka yarda babu motar da za ta shiga haraba, babu jaka, kuma a tashi kafin la'asar don na nesa su wuce shingaye da sauran rana. Muka samo masu gadi ƙarfafa da sandar nan ta binciken jiki mai ƙara in ta ji ƙarfe, aka ba shugabansu umarni ƙarara: ko waye, sai an laluba shi kafin ya shiga. Ogana har ya buga tebur da ya faɗa, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

Ranar taro na riga kowa zuwa. Ina ciki ina fama da wayoyin majigi, maza suna ta shigowa, ana gaisawa, ana zuba shayi. Can na ɗaga kai na ga ɗakin ya kusa cika, amma babu ɗankwali ko ɗaya. Na ce a raina mata da makara, ai sai su. Ban gama wannan tunanin banza ba sai ga shugaban masu gadi ya shigo yana share gumi, ya ce in zo waje.

Suna nan a bakin ƙofa, cikin rana, tun ɗazu. Yawancinsu da hijabi, wasu da gyale, wasu da riga da siket. Masu gadinmu duka maza ne. A lokacin kuma an shiga wani mummunan yanayi da ake ɗaura wa 'yan mata bam a ƙarƙashin sutura, don haka sandar nan kaɗai ba ta gamsar da kowa, sai an taɓa jiki. Shugaban masu gadin ya ja ni gefe.

"Ranka ya daɗe, matan mutane ne. Wallahi ba zan sa yarana su taɓa su ba. Kuma ba zan bar su su shiga haka ba, ku kuka ba da oda. Sannan taron nan da suka yi a bakin titi shi ne babban haɗari. In motar sintiri ta zo ta gan su, rufe wurin za a yi gaba ɗaya."

Gaskiya ya faɗa ta kowane ɓangare, ni kuwa na tsaya riƙe da wayar majigi a hannu kamar wadda za ta ba ni shawara.

A cikin matan akwai wata Hajiya Bafulatana, babbar jami'a daga wata ƙaramar hukuma mai nisa, wadda ta baro gida tun da asuba. Ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Yaro, kai ne mai taron? Shinge nawa na wuce kafin in iso nan, kowanne sai na sauka. Yanzu na zo taron da aka ce don mu aka yi, an bar ni a rana, mazan suna ciki suna shan shayi. Ni kam na tafi."

Ta juya, kuma na ga wasu sun fara gyara mayafi za su bi ta. Na san in ta tafi an gama.

Daidai nan motar ofis ta tsaya a tsallaken titi, ogana da Anti suka fito. Anti ta dubi matan, ta dubi masu gadi, ta dube ni. Na zaci faɗa za ta yi. Sai ta ɗora hannu biyu a ka ta ce, "Wayyo ni! Har da ni aka tsara wannan abu!" Ta koma mota da sauri ta ɗauko wani zani a ninke. Ankon matan cocinsu ne, sabo, wanda za ta ɗaura da yamma don suna da gwajin waƙa. Ta warware shi a lungun da ke tsakanin ɗakin mai gadi da katanga, ta miƙa mini gefe ɗaya. Ta duba wanda zai riƙe ɗayan, masu gadi duk suna kan aikinsu, sai idonta ya sauka kan oga.

"Yallaɓai, riƙe nan. Ka ɗaga sama. Ku juya fuskarku titi, ku biyun."

Jama'a, ya riƙe. Mutumin da ba ya ɗaukar biro ya naɗe hannun babbar riga ya kama bakin zani.

Anti ta kira Hajiyar da ta riga ta kai bakin kwalta. "Hajiya, don Allah dawo. Ni zan laluba ku, babu namijin da zai gan ku." Shugaban masu gadi, da yake mutum ne mai bin doka har ƙarshenta, ya ce, "To Madam, ke wa ya laluba ki?" Sai Hajiya ta dawo a hankali, ta tsaya gaban Anti, ta ce, "Shiga in fara da ke." Ban ga abin da ya faru a bayan zanin ba, tunda fuskata na titi. Na dai ji Anti ta ƙyalƙyale da dariya tana cewa ita fa ba ta jure cakulkuli, Hajiya tana cewa ta tsaya cak ko ta kira soja. Sauran matan suka kwashe da dariya, layi ya miƙe da kansa.

Mun daɗe a wurin. Rana ta buɗe sosai, hannuna ya yi tsami, sitacin rigar oga ya jiƙe ya kwanta. In hannunsa ya ɗan sauka sai mu ji muryar Anti daga baya: "Yallaɓai, sama!" Ya ɗaga. Daraktocin da suka gaji da jira suka fara leƙowa ɗaya bayan ɗaya da kofi a hannu, su tarar da babban jami'i yana riƙe da zanin coci yana kallon titi. Wani ya fara dariya, ya ga ba a taya shi ba, ya haɗiye. Wani dattijo a cikinsu ya ajiye kofinsa ya zo ya karɓe ni don in huta. Hajiya kuma ta ƙi shiga, ta tsaya tana taya Anti har mace ta ƙarshe ta wuce.

Kafin a zauna a yi addu'ar buɗewa, a gabatar da manya, a yi sallar azahar, lokacin jawabin Anti ya riga ya tafi. Ba a isa a wuce la'asar ba. Oga ya raɗa mata cewa 'yan mintuna ne suka rage mata. Na kunna majigi da sauri, shafinta na farko ya fito a bango. Ta dube shi na ɗan lokaci, sannan ta ce in kashe. Wallahi raina ya sosu, domin na san wahalar da ta sha a kansa.

"Wa ya tsara ƙofar can?" ta tambaya. Oga ya ɗaga hannu, na ɗaga, ita ma ta ɗaga nata. "Mu ne, kuma ba mugunta muka yi ba. Mun zauna mun yi tunanin mutumin da zai shigo, sai ya zama namiji ne a ranmu, har da ni da nake mace. To haka muke tsara abubuwan da muke sawa a kwamfuta. 'Yan'uwana, ku faɗa musu sauran ƙofofin." Ta koma ta zauna.

Hajiya ce ta fara. Ta ce a garinsu mata ba sa zuwa rajistar katin shaida, saboda mai ɗaukar hoto namiji ne, kuma sai ya ce a fito da kunne a gaban layin maza. Wata ta ce lambar sirrin da ake turowa wayar miji take zuwa, mijin kuma yana daji da shanu. Wata ta ce na'urar yatsa ba ta karɓar hannun da ya sha lalle da wanki, sai a ce da mace ta je ta dawo, ita kuwa fitar farkon ma da ƙyar aka bar ta. Mazan da suka saba danna waya a taro suka ajiye ta. Ina jin tsayuwar da suka gani a waje ce ta buɗe musu kunne. Kafin a tashi, oga ya miƙe da jiƙaƙƙiyar rigarsa ya ce a wurin rajistar da ke ƙarƙashin ofishinmu, daga gobe za a sa labule da ma'aikaciya mace. Anti ta ce labule sai an rubuta takarda an jira, ga zani nan a fara da shi. Da yamma ta je gwajin waƙa ita kaɗai babu anko, matan cocinsu suka yi ta mata tsiya.

Ta yi ritaya a ƙarshen watan, ta koma garinsu. Jawabin nan da na haddace, babu wanda ya taɓa jin sa sai ni. Ogana ya rasu bayan wasu shekaru, Allah ya jiƙansa, kuma duk cikin hotunansa da ke kaina wanda ya fi tsaya mini shi ne yana ɗage da hannu yana kallon titi, gumi na bin wuyansa. Buhunan yashi sun tafi, gari ya dawo daidai, na gode wa Allah. Amma ina kewar ofishin nan da mutanensa, ina kewar yadda tsoro ya sa muka riƙa duba juna. Abin da ya zauna mini daga ranar shi ne, duk abin da zan tsara yanzu sai na tambayi kaina wa nake gani yana shigowa, wa kuma na bari a rana.

Kwanakin baya na kai mahaifiyata sabunta katinta a wurin rajistar nan. Ita da ba ta son fita, tun a gida take ta mita. Wata yarinya ta tarbe ta, ta shige da ita bayan labule. An sayi labule na gaske tuni, amma ma'aikatan sun bar tsohon zanin a ciki, sun rufe taga da shi, ya koɗe har rubutun jikinsa ba ya karantuwa. Mahaifiyata ta fito tana gyara hijabi, ta ce, "Yaran nan sun san mutunci." Ba ta san komai game da zanin ba.

Da muka dawo gida na kira Anti. Muryarta ta tsufa, amma tsiyar tana nan. Kamar kullum, kafin ta tambayi iyalina sai da ta ce, "Ɗana, ina zanina?"

Na ce, "Anti, ke ce kika yi ritaya. Shi yana bakin aiki."