Ƙuri'ar da Yaya Ta Hana Ƙanenta

Ranar Laraba, goma sha huɗu ga watan Mayu, da hantsi, Allah ya karɓi ran babbar yayarmu a asibitin da ta yi wa aikin ungozoma har ta ajiye. Daga gare shi muka zo, gare shi kuma kowa zai koma. Ina bakin gado lokacin da nas ta ɗago ta dube ni, ta ja mayafi ta rufe mata fuska. Nas ɗin nan, Yaya, a hannunki aka haife ta, kuma ke kika koya mata riƙe almakashi. Sai da ta fita baranda ta yi kukanta sannan ta dawo ta yi mini gaisuwa.

Masu ta'aziyya sun cika gida, kowa da abin da ya sani game da ke. Mata sun faɗi yadda kike tsayawa a kansu a ɗakin haihuwa, bakinki na faɗa, hannunki na share musu gumi. Duk gaskiya ne. Ni kuwa, ƙanwarki, abin da ya tsaya mini a rai shi ne karatun da kika yi bayan furfura ta cika miki kai, da yadda ya raba ki da ƙanenki, ɗan'uwanmu namiji tilo, har muka fara tsoron ɗayanku zai mutu ba ku shirya ba.

Abin ya faro ne daga famfo. Shekarar da kika ajiye aiki, ruwan ɗakin haihuwa ya ɗauke, dangin mai naƙuda suka koma zuwa da jarka a ka. Kin san ma'aikatar lafiya ce ke biyan ku albashi, amma a tunaninki ruwa ruwa ne, duk famfon da ke cikin unguwa na kansila ne. Kika tara mata kuka tsaya a ƙofar gidansa. Bawan Allah ya fito yana ta rantsuwa cewa asibitin ba a hannunsa yake ba, kika ce haka dukansu suke faɗa. Da zaɓe ya zo kuka kayar da shi warwas. Sabon kansila ya hau, famfo shiru. Sai da kika je ofishin majalisar gari da kanki, sakatare ya zaunar da ke ya bayyana miki cewa daga bakin katangar asibiti zuwa ciki, ko ƙusa kansila ba shi da ikon bugawa.

Ranar kika dawo gida ba ki ci abinci ba. Washegari kika ɗauki mayafi kika tafi shagon tsohon kansilan, inda ya koma gyaran rediyo, kika ba shi haƙuri a gaban masu jiran kayansu. Ya ce ai ya wuce, Sista. Kika ce, "Bai wuce ba, tunda kujerarka ba ta dawo ba." Ban taɓa ganin wanda ya ba da haƙuri a tsaye haka ba, ba kwana-kwana, ba ɗora laifi a kan wani. Na yi alfahari da ke ranar, ko da yake ban gaya miki ba.

Daga nan kika shiga ajin yamma na kwaleji, darasin gwamnati da siyasa. Mun yi miki dariya har da riƙe ciki, ni ce ma kan gaba. Ga ki da tabarau mai igiya, a benci ɗaya da matasan da ke kika yanke wa cibiya, kina ɗaga hannu malami na cewa, "To, Mama, ina jin ki." Kundin tsarin mulki da yatsa kike bin sa, layi bayan layi, kamar yadda kike bin takardar magani. Idan majalisar dokoki na muhawara a rediyo, ba mai motsi a falonki. Kika gano cewa a zauren majalisar gari akwai benci a baya da aka ajiye wa jama'a su zo su saurara, ba wanda ke zama a kai sai gizo-gizo. Kika mayar da shi naki, har mai gadi ya riƙa goge miki shi kafin ki iso. Jikokinki suka sa miki suna Majalisa, kina amsawa.

Abin da kika koya ba ki ɓoye shi ba. Ranar Asabar da la'asar falonki kan cika da mata, masu ɗinki, masu kitso, matan ma'aikata, wasu da goyo. Da asibiti kike yi musu bayani. Kin ce likita shi ke rubuta magani, mai ɗakin magani ya bayar, idan aka samu matsala akwai masu zama su duba waye ya yi kuskure. Haka majalisa ke rubuta doka, gwamnati ta aiwatar, kotu ta duba, kuma duk ranar da mutum ɗaya ya haɗa ukun a hannunsa, mara lafiya ya shiga uku. Kika koya musu tambaya ɗaya da za su yi wa duk mai neman ƙuri'a: wannan alkawarin, aikin kujerar da kake nema ne? Ba ki taɓa cewa a zaɓi wane ba. Wata maƙwabciya ta matsa miki ki faɗa mata kawai ta huta, kika ce, "'Ya'yanki na karɓa, ban karɓi hankalinki ba. Je ki ji su da kunnenki."

Ana cikin haka ɗan'uwanmu, wanda kowa ke kira Mai Siminti saboda shagonsa na kayan gini, ya fito takarar kansila. Wanda bai san gidanmu ba ba zai gane nauyin wannan ba. Mahaifiyarmu ta rasu yana rarrafe, ke kika goya shi, ke kika kai shi makaranta, ke kika nema masa aure. Ya zo falonki da magoya bayansa a wata Asabar, cike da murna, don ya san gidan yayarsa ne. Ya yi alkawarin sauke farashin mai, da gina sabon asibiti, da samar wa kowane saurayi aikin gwamnati. Matan suka juyo suna kallon ki. Ni ina daga bakin ƙofa ina yi miki alama da ido ki bar shi ya wuce. Kika gyara tabarau kika ce, a hankali, "Ƙanena, a cikin ukun nan wanne ne aikin kansila?"

Ya yi murmushin yaƙe, ya sallami mutanensa, ya dawo shi kaɗai yana huci. Ya ce kin tozarta shi a gaban mata. Kika ce tambayar da kike yi wa kowa ce, kuma idan kika ɗauke masa ita don naki ne, kin yi wa matan nan ƙarya tun farko. Ya ce to ƙuri'arki fa? Da kin ce sirrinki ce da an zauna lafiya. Amma ke ba ki iya ɓoye-ɓoye ba. Kika ce ba za ki ba shi ba a wannan karon, domin kin taɓa kayar da mai gaskiya a kan rashin sani, ba za ki ɗora wanda bai san aikin ba a kan son kai.

Ya faɗi zaɓen, ya kuma ɗauke ƙafa daga gidanki. Shekaru suka shuɗe a haka. A wurin suna ko biki idan kika shigo ta nan sai ya fita ta can. Dangi suka yi ca a kanki, wasu na cewa boko ya juya miki kai da tsufa. Ni na fi kowa zafi, na ce ƙuri'a ɗaya ce tak, ba ita ta kayar da shi ba, me za ta rage ki da shi? Kika ce da ba komai ba ce, da bai yi fushi a kanta ba. Abin ya ci ki, na sani. Na sha ganin kin tsaya tsallaken titi kina kallon shagonsa ana loda buhuna a mota, sannan ki juya. Duk haihuwar da aka yi a gidansa kin je kin yi wa matarsa abin da uwa ke yi, kin fito kafin ya dawo. Ba ki taɓa zagin sa ba, ba ki kuma janye maganarki ba.

Da ciwo ya kwantar da ke a bana, na je shagonsa na gaya masa abin da likita ya gaya mini. Ya juya ya ci gaba da ƙirga buhunansa. Ranar Lahadin ƙarshe, da azahar, sai ga shi a ƙofar ɗakin, ya cire hula yana murza ta a hannu. Ya durƙusa a gefen gado ya ce, "Yaya, sannu da jiki." Kika ɗora hannu a kansa, kuka daɗe a haka. Can ya ce zai sake tsayawa takara a zaɓen da ke tafe. Ashe tun bara yake zuwa ajin yamma ba wanda ya sani, a wurin malamin da ya koyar da ke. Muryarki ta riga ta dushe, amma kika yi masa tambayar. Ya ce kwatar bayan kasuwa, da kwashe shara, da fitilun layi, da sa ido a kan kasafin gari don kada a zartar da shi a ɗaki a rufe. Ya ce asibiti ba nasa ba ne, sai dai ya raka mata ma'aikatar lafiya su yi magana tare.

Fuskarki ta yi haske, Yaya, irin hasken da na saba gani idan jariri ya yi kukan farko. Ya sunkuya ya ce, "To yanzu fa? Za ki ba ni?"

Kika ce, "Ka yi ƙoƙari. Bari in ji na sauran tukuna."

Ya yi dariya, hawaye na zuba a kan zanen gado. Ni ma na yi. Ba ki kai ga jin na sauran ba.

Bayan an dawo daga maƙabarta na same shi zaune a falonki shi kaɗai, da ƙasa a gwiwar wandonsa. Ya ce ko duk unguwar nan ta zaɓe shi, ba zai taɓa sanin ko ya ci taki ba. Na ce haka ne. Ya ce to zai yi ta aiki kamar har yanzu kina dubawa.

Allah ya jiƙan ki, Yaya. Ya yafe miki kurakuranki, ya yalwata makwancinki, ya sa wahalar da kika sha a kan matan mutane da 'ya'yansu ta zama haske a gare ki. Ina miƙa ta'aziyya ga 'ya'yanki da jikokinki, da ma'aikatan ɗakin haihuwa, da matan Asabar, da tsohon kansila mai gyaran rediyo wanda ya zo da sanda ya tsaya a sahun gaba. Ɗan'uwana kuma, wanda ya rasa yaya da uwa a rana ɗaya, Allah ya ba shi haƙuri, ya sa ya cancanci ƙuri'ar da ba ki samu jefawa ba. Mu da muka rage, Allah ya kyautata namu zuwan. Amin.