Farin Curin da Na Tarar a Jegon Hadiza

Gaya zuwa Kano, Talata

Ƙarfe huɗu na asuba, ladan bai ko yi gyaran murya ba, direba ya ɗauke ni daga Gaya. Autata Hadiza ce ta haihu a Dubai, kwana tara nono bai kawo sosai ba, jariri sai kuka. Na ɗaure gero da kanwa da yajin jego a buhu. A filin jirgi aka ɗora shi a sikeli, aka ce ya yi nauyi, sai dai ya biyo jirgin kaya.

"Hajiya, sati guda zai iske ki," in ji ma'aikacin.

Haka na hau jirgi, uwar maijego ba kayan jego. Muka yada zango a Habasha awa uku.

Hor Al Anz, Dubai, Laraba

Gari na wayewa mijinta ya kai ni gidan, hawa na huɗu. Na tarar da Hadiza riƙe da wani farin curi, fari fat, yana tururi.

"Ke, ɗanyen ƙullu kike ci da jego?"

"Inna, dafaffe ne. Turara shi ake yi. Maƙwabciyarmu ce ke kawowa."

Ana haka sai ga sallama. Maƙwabciyar ce, 'yar Caina, da mayafinta. Ashe a cikinsu ma akwai masu salla. Ta miƙo kwano tana cewa, "Mama, bismillah, shwaiya," wato in ɗan taɓa ko kaɗan. Na karɓa don kunya, na ajiye.

Asibiti, Alhamis

Da za mu kai jariri asibiti, na ƙunshe curin guda a gefen mayafi. Likitar 'yar Katsina ce, na kwance mata.

"'Yata, wannan zai riƙe maijego?"

Ta ɓare shi. Sai ga nama da kabeji da albasa a ciki. Ta ce fulawar na ba da ƙarfi, naman na gina jiki, ba a kuma soya shi da mai ba. Illarsa gishiri, don haka kada a mai da shi abincin yini. A haɗa da romo da ganye da ruwa mai yawa.

"To kanwa fa?"

"Ita ce ma za a rage, Hajiya. Tana wahalar da zuciya."

Haihuwa shida na yi da kunun kanwa. Kaina ya ɗaure.

A mota na gutsura. Alkubus ne sak, sai dai shi miyarsa a cikinsa take.

Na dinga dafa romon kaza, maƙwabciya na kawo curinta. Kwana biyar nono ya kawo, yaro ya ƙoshi ya yi barci. Romona ne, ko curin ne, ko addu'a, har yau ban sani ba.

Gida

Bayan arba'in na dawo, na iso Gaya ana kiran la'asar. Washegari Hadiza ta bugo waya: sai yanzu buhuna ya iso can.

"Inna, me zan yi da shi?"

"Ki ɗebar wa maƙwabciya gero. Kanwar kuwa ki adana, sai na gama tunani."

Godiya ga Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Baiwar Allahn nan da ban iya kiran sunanta ba, Allah ya saka mata.